Injin Alhaji Ragib da Ƙofar da Aka Kafe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta gama tambayoyinta ba, gidan Alhaji Ragib Memija na ƙauyen Brezik, a saman garin Visoko, yana sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da jama'ar masallaci, da duk wanda aka taɓa rage wa hanya tsakanin ƙauye da gari, rasuwar injin ƙaramar farar motar gidan. An iske shi ya cika da safiyar Talatar da ta wuce, a cikin rumfarsa, bayan sanyi mai tsanani na farko a bana. Komai na Allah ne, gare Shi kuma yake komawa.

Ba a sa wa wannan takarda koren gefe irin na sanarwar rasuwar Musulmi ba, domin koren gefe na 'yan Adam ne, kuma ba ma haɗa ƙarfe da mai rai. Amma rashi rashi ne, haƙuri kuma ana neman sa a ƙaramin abu kamar yadda ake neman sa a babba. Ana kuma sanar da jama'a cewa akwai majinyaci na biyu a gidan, wanda har yanzu da sauran numfashi: maƙwabtakar da ke tsakanin Alhaji Ragib da Ostoja na bayan katanga, wadda ta girmi marigayin. 'Yar ƙofar da iyayensu suka huda a katangar, don mata su riƙa miƙa wa juna wuta da gishiri, a kafe take da ƙusoshi tun farkon kaka. Mutuwar injin ce ta jawo a yi maganarta a fili.

Marigayin ba babba ba ne. Silinda huɗu gare shi a jere, kamar sahun da bai cika ba, da bawul takwas, cikinsa kuwa lita ɗaya ne da ɗan ɗori. Takardarsa ta ce ƙarfinsa na doki hamsin da biyar ne, amma Alhaji, wanda bai taɓa yarda da takardar kamfani ba, yakan ce shi dai a hawan Brezik bai taɓa jin fiye da doki goma sha ba, sauran sai dai ko suna can suna kiwo. Da kafireta yake shan fetur, irin na mutanen da, ba ya kuma zari. Ya san ƙarfinsa, bai taɓa neman tsere da manya ba. Idan babbar mota ta matsa masa a hanyar Sarajevo, sai ya ja gefe ya ba ta wuri, ba tare da ya ƙullace ta ba.

Duk wanda ya kwana a unguwar ya san muryarsa. Da asuba, idan Alhaji ya ja cok ya murɗa makulli, sai a ji kir-kir-kir, a yi shiru, a sake jin kir-kir-kir, sannan ya yi tari biyu ya kama: fat, fat, farrr. Da yawa daga masu nauyin barci sun sami jam'in asuba ne albarkacin wannan tari, muna fatan kada ladan ya ɓace wa mai shi. Idan ya ɗumama kuma, akwai wani ɗan ƙas-ƙas-ƙas da bawulolinsa ke yi, a hankali, kamar tsoho yana jan carbi.

Ya kai mata asibiti haihuwa, ya dawo da su da jarirai. Ya ɗauko ragunan layya a kujerar baya. A shekarun yaƙi ya sha abin da ba a kira fetur ba sai don ladabi, ya kuma yi hunturu guda a ɓoye ƙarƙashin ciyawa a rumbun Ostoja, lokacin da ake bi gida-gida ana kwashe motoci. Shi ne ya kai matar Ostoja asibiti a ciwonta na ƙarshe, shi ne kuma ya bi gawarta zuwa maƙabartar coci, a hankali, fitilu a kunne.

Ba za mu ɓoye lalurorinsa ba, domin ba a yabon mamaci da ƙarya. Ba ya son damina: raɓa na shiga kan distirbuta, sai ya ƙi tashi har sai an goge masa da busasshen ƙyalle. Kafiretarsa takan toshe da datti, ya riƙa shaƙewa a tsakiyar hawa. Da tsufa ya kama shi, ringinsa suka saki, ya fara cin baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, fulogi na uku kuma kullum a jiƙe. Sau ɗaya ɗan ƙarfen da ke tsaron ƙofar ruwansa ya maƙale, ya tafasa a hanyar Kakanj har gaskit ya ƙone. Bel ɗin taiminsa kuwa, wanda in ya tsinke fistin ke haɗuwa da bawul a yi asara, Alhaji bai taɓa bari ya tsufa ba, ko da yake duk lokacin da Zvonko bakanike ya canza shi sai Alhaji ya karɓi tsohon ya tafi da shi gida, don ya tabbata ba shi aka wanke aka mayar ba.

Alhaji Ragib mutum ne mai tsoron Allah, mai kiyaye tsarki, mai karatu. Amma Allah Ya halicce shi da kaffa-kaffa. Bai yarda da gidan man da ke bakin gada ba, bai yarda da na bayan kasuwa ba. Sama da komai, bai yarda da koren ruwan kanti da mutane ke zuba wa lagireto don hana daskarewa ba. Ya ce guba ce mai cin tiyo da gaskit, an ƙirƙiro ta ne don a riƙa komawa gareji. Injinsa ruwan marmaron masallaci kawai yake sha, rani da hunturu. Kuma abin mamaki, shekara da shekaru, motocin masu sakaci suna fashewa da sanyi, tasa ba ta taɓa daskarewa ba. Yakan faɗi haka a zauren shan gahawa bayan Juma'a, ba da alfahari ba, da godiya. Ostoja, idan maganar ta iske shi a bakin ƙofa, sai ya sosa gemu ya ce, "Ruwan naku da albarka, maƙwabci."

Ciwon ajali ya fara ne a wata Juma'a cikin kaka. Alhaji ya ɗauko sabon limamin da aka turo mana daga gari, saurayi mai kunya, ya zaunar da shi a gaba, ya kunna masa hita don girmamawa. Ashe tiyon hita ya tsage. Ba su kai gada ba sai wani wari ya cika motar. An daɗe ana jin ƙanshin tuffa a motar nan, kowa kuma ya ɗauka na buhunan da take ɗauka ne. Wannan karon tuffar ta zo da abokin tafiya. Liman ya shaƙa, ya dubi taga, ya sake shaƙa.

"Baba Alhaji," ya ce a hankali, "wa ya riga ni zama a kujerar nan?"

Alhaji ya yi sallar Juma'ar nan yana jin kamar duk sahun rigarsa suke shinshinawa.

Zato ya fara sauka a kan Sejfo, mijin 'yarsa, wanda ya ari motar zuwa biki a makon da ya gabata. An kira shi, an sa shi ya ɗaga kujeru da shimfiɗu.

"Baba, ni da ko ruwan tsami ba na sha saboda ciki?" in ji Sejfo. "In na sha abin nan ai ba sai an shinshina mota ba, a asibiti za a same ni."

Ba a sami kwalba ba. Alhaji ya sallame shi, amma bai wanke shi ba. Daga nan zato ya koma kan Zvonko, wanda kowa ya san ba ya ƙin ɗan abin ɗumama ƙirji da safe. Zvonko ya yi dariya har ya jingina da bango.

"Alhaji, ka taɓa ganin na zubar da ita a ƙasa, balle in ba mota? Buɗe marfin lagireto ka sa hanci."

Alhaji ya buɗe, ya sa hanci, ya ja da baya yana neman tsari. Barasa ce, a cikin cikin injin, tana zagaya silinda huɗun nan kamar jini.

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, ya dawo daga gona ba zato, ya tarar da 'yar ƙofar katanga a buɗe, murfin inji a ɗage, Ostoja a sunkuye da kwalba a hannu. Ba su yi hayaniya ba. Ostoja ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya raka shi har ƙofar da ido, ya rufe, ya ɗauko guduma.

Mai rubuta wannan sanarwa ya zauna da Alhaji a kwanakin nan, ya kuma ji yadda yake jera abubuwa a ransa. Ostoja ya taɓa taya motar, aka hana shi. Ostoja ya taɓa cewa reshen tuffar da ya ƙetara katanga yana zubar masa da ganye a magudana. Kowace shekara Hajiya Zumreta, uwargidan Alhaji, tana aika wa Ostoja kwandunan tuffa, a cewarta don ya dafa pekmez, wato ruwan tuffa da ake dafawa har ya yi kauri kamar zuma, tunda ba shi da mace a gida, amma wa ya taɓa ganin pekmez ɗin Ostoja? Alhaji, wanda ya ƙi sayar da tuffarsa ga masu tukunyar barasa ko da sun ninka kuɗi, ya wayi gari yana zargin cewa itacensa ne ya tafi ta ƙofar ya dawo a kwalba. Kuma don me? Don a kunyata shi a gaban liman. An tuna masa cewa an hore mu da nisantar yawan zato, da kuma girman haƙƙin maƙwabci ko ba addini ɗaya ba. Ya ce ya sani, amma abin da ido ya gani ba zato ba ne.

Sai ya yi abin da ya ga ya wajaba a kansa. Ya kwance tiyon ƙasa, ya zubar da duk abin da ke cikin marigayin. Ya wanke lagireto ya sake wankewa, kamar yadda ake tsarkake ƙwaryar da najasa ta taɓa, har sai da wari ya ɗauke. Ya sa aka canza tiyon hita. Sannan ya ɗebo ruwan marmaron masallaci da hannunsa, ya cika shi fal, ya yi bisimilla ya rufe. Injin ya tashi ranar nan da murya mai daɗi: farrr, ba ko tari.

Ranar Litinin da la'asar, sama ta washe, iska ta tsaya cik, irin tsayuwar da tsofaffi suka sani. Sai aka ji muryar Ostoja ta saman katanga.

"Ragib. Kai, taurin kai. Ba sai ka amsa ba. Ka zubar da ruwan motar nan kafin magariba, in ba haka ba gobe ba ka da inji."

Alhaji yana tsaye da butar alwala. Ya juya ya dubi Hajiya.

"Kin ji ko? Yanzu kuma barazana ce."

"Alhaji, gargaɗi ne," in ji ta.

"Wanda ya san ranar mutuwar abu, a tambaye shi yadda aka yi ya sani."

Ya ƙara wa rumfar kwaɗo, ya lulluɓe murfin inji da tsohon bargo, ya sa makulli a aljihu.

Da asubar Talata ya murɗa makulli. Marigayin ya ce kir, sau ɗaya, gajere, bai ƙara ba. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Da gari ya waye aka ga ƙanƙara ta tsatso daga gefensa kamar farin gemu.

Zvonko ne ya buɗe shi, a gaban shaidu, domin Alhaji ya ce ba za a taɓa gawar a bayan idonsa ba. Alhaji ya nemi a duba tankin mai ko an zuba sukari, babu. Ya nemi a duba baƙin mai ko an zuba yashi; babu. Kwaɗon rumfa lafiya lau, dusar ƙanƙarar da ke tsakar gida babu sawun kowa sai na kyanwa. Abin da aka samu shi ne ruwa ya daskare a cikin bulok ɗin injin, ya kumbura, ya tsaga ƙarfen tsakanin silinda ta biyu da ta uku, tsagar da ba walda ba ɗinki. Alhaji ya ce ruwan nan shekara nawa yana kwana a cikinsa bai tsaga shi ba, sai bana? Lallai barasar ce ta riga ta cinye ƙarfen, sanyi ya zo ya ƙarasa.

A nan ne Hajiya Zumreta, wadda ta kawo wa mutane gahawa, ta ajiye faranti a kan kututture.

"Alhaji, ruwan nan bai taɓa kwana a cikinsa shi kaɗai ba."

Ta faɗa a gaban kowa, ba ta ɗaga murya ba. Tun hunturun da motar ta yi a rumbun Ostoja, lokacin da babu koren ruwa ko na magani a ƙasar, Ostoja ya zuba mata ɗigon farko na tukunyarsa ta barasa, wanda ba a sha saboda kaifinsa, don kada ta fashe. Da aka zauna lafiya, Alhaji ya rantse ruwan kanti ba zai shiga injinsa ba. Sai Ostoja ya ci gaba: kowace kaka ya shigo ta 'yar ƙofa idan Alhaji ya tafi gona, ya rage ruwa ya zuba nasa, ya kuma riƙa ƙarawa cikin hunturu saboda zafi na kore shi. Ita ke gaya masa lokacin da gida ba kowa.

"Da tuffata?" in ji Alhaji.

"Tuffarka pekmez yake yi da ita, yana aika wa jikokinsa a Banja Luka. Ta tukunyar daga gonar ƙaninsa take. Ka ɗauka bai san ka ba?"

"Me ya hana a gaya mini?"

"Da an gaya maka, da tun tuni muka yi wannan zaman makokin."

Alhaji ya daɗe yana kallon tsagar. Sannan ya ce zai bincika maganar pekmez ɗin.

Mun tattauna mas'alar a tsakaninmu, mu tsofaffin masallaci. Ƙarfe ba a ɗora masa hukunci ba, bai sha don maye ba, bai kuma taɓa kauce hanya ba. Malamai sun yi magana a kan abin da aka haramta shansa idan aka yi aiki da shi ba ta hanyar sha ba, sun kuma saɓa, ba a takardar sanarwa da ke manne a jikin falwaya za a yanke wannan ba. Wanda ya tsarkake injin ya yi ne don tsoron Allah, muna roƙa masa ladan niyyarsa. Wanda ya shayar da shi a ɓoye ya yi ne don kada maƙwabcinsa ya taka ƙanƙara da ƙafa zuwa asuba, Allah kuma Ya fi mu sanin abin da ke cikin zukata. Alhaji dai har yau bai janye zarginsa a kan gidan man bakin gada ba, kuma ya ce Sejfo bai gama bayanin inda ya kai motar bayan biki ba.

Marigayin ya bar gangar mota guda, fara, mai tsatsa a ƙasan ƙofofi, wadda yanzu kaji suka fara zawarcinta. Ya bar batir mai sauran ƙarfi, da kafireta da aka wanke kwanan nan, da tsofaffin bel a rataye a ƙusa, kowanne an tabbatar nasa ne. Ya bar Alhaji Ragib, da Hajiya Zumreta, da 'yarsu da mijinta, da tsofaffi uku da ba su san wanda zai kai su asibitin gari ranar awo ba. Ya kuma bar Ostoja, wanda ya yi jinyarsa shekaru ba a sani ba, wanda kuma aka gani ranar Talata tsaye a bayan katanga, hula a hannu.

Za a fitar da marigayin ranar Asabar bayan azahar, in Allah Ya kai mu. Ba za a yi masa salla ba, domin salla ta 'yan Adam ce. Zvonko zai ɗaga shi da sarƙa a jikin azarar rumfa, a ɗora shi a kan katako, maza huɗu su ɗauka. Masu sayen tsohon ƙarfe sun ce motarsu ba za ta hau lungun Alhaji ba saboda santsi. Hanya ɗaya ce ta rage: ta tsakar gidan Ostoja, wanda ƙofarsa ke kallon titi, kuma shi ke da tarakta. An auna 'yar ƙofar katanga da igiya, an auna marigayin, zai wuce, har da ɗan saura.

Alhaji Ragib ya amince a cire ƙusoshin. Ya ce a rubuta cewa don gawa ta wuce ne, an kuwa rubuta. Sai dai ya kafa su da fushi, sun lanƙwashe a ciki, ba sa fita sai da awartaki, awartakin gidan kuma yana wajen Ostoja tun bazara. Don haka ana roƙon Ostoja, idan ya karanta wannan, ya miƙo shi ta saman katanga da safiyar Asabar, ya kuma tsaya a nasa gefen ya kama gaban makara, tunda shi ya fi kowa sanin nauyin mamacin.

Bayan an dawo za a karɓi gaisuwa a gidan Alhaji. Za a sha gahawa, za a ci alewa. Hajiya ta ce an yi alkawarin kawo kwalbar pekmez daga bayan katanga, Alhaji kuma ya ce shi zai fara ɗanɗanawa, ya ji ko tuffarsa ce.

An tambaye shi inda za a ajiye ƙusoshin idan an cire. Ya ce a zuba su a cikin silindar marigayin, su tafi tare.

Allah Ya ba mu haƙurin abin da muka rasa, Ya kuma tsare mana abin da ya rage.

A madadin iyali,
Hafiz Muharem, tsohon ladanin Brezik